Takalmin Tsigi Ƙafa Ɗaya

Ku matso, 'yan uwa, ku gyara zama. Na yau ba na dariya ba ne. Duk wadda ta san tana da ƙaramin yaro a gida, ta ajiye wayar nan tukuna, ta je ta ga inda yake da idonta, sannan ta dawo. Zan jira ta.

Ga waɗanda yau suka fara leƙo mu, ni ce Auta a gidanmu. Akwai Baba, akwai Umma, akwai Yayata da aurenta ya mutu ta dawo gida da 'yarta mai shekara huɗu, wadda muke kira Tsigi saboda ƙanƙanta da yawan tsalle. Sai Gwaggo, yayar Baba, wadda gidanta ke bayan layinmu amma takalminta ya fi sanin ƙofarmu. Sai kuma wani bawan Allah da na ajiye lambarsa a wayata da sunan Mai Fanka, don ko kira ya shigo a gaban mutane a ɗauka zancen gyara ne. Gyaran fanka da haɗa wayar wuta kuwa su ne sana'arsa da gaske. Amma a gidanmu ba haka ake kiransa ba. Mai Kare ake ce masa.

Yana cikin wata ƙungiya ta 'yan sa-kai masu neman waɗanda suka ɓata, yara da tsofaffin da hankalinsu ya fara gushewa. Shi ke riƙe da karen ƙungiyar, wani baƙi wuluk mai fala-falan kunnuwa, ana kiransa Duna. Ranar da ya zo gaida Baba ya ci farar riga, ya fesa turare, ya zauna a ƙasa kansa a sunkuye. Magana tana tafiya lafiya lau, har Gwaggo ta hango wani silin gashi a kafaɗarsa. Ta sa yatsu biyu ta cire, ta ɗaga sama kamar ta kama ɓarawo.

"Ɗan nan, wannan na akuya ne ko na tunkiya?"

Shi kuma bai iya kwana-kwana ba. Ya faɗi gaskiya, na kare ne.

Baba ya gyara zama ya ce, "Yaro, ba ni da abin cewa a kan halinka. Amma gidan da kare yake kwana, 'yata ba za ta kwana ba."

Kofin da ya sha ruwa da shi, da ƙafa Gwaggo ta gangara shi har kwandon shara. Daga ranar aka fara yi mini waƙar ɗanta, wanda muke kira Manaja saboda shi ke kula da wani kantin kayan gini a bakin babban titi. Manaja ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Mutum ne mai guga da turare, wanda in ya gaishe ki sai ya duba agogo. Zuciyata ce dai ba ta karɓe shi ba. Mai Kare kuwa ya koma dodon gidanmu. Tsigi ta ƙi wanka, a ce za a kira Mai Kare. Ta ƙi barci, a ce ga Mai Kare nan a ƙofa. Ni ina ji, ina haɗiyewa.

To, ranar da abin ya faru gari ya tashi da hadari, ba rana ba ruwa, sai wata iska mai sanyi. Umma ta tashi da wanki tun da sassafe don ta riga ruwan sama. Baba yana gareji yana kakkaɓe tsohuwar motarsa, wadda ta girme ni, ya fito da shimfiɗun ciki duka yana bugawa. Ni ina guga a falo. Tsigi ta ɗauko gilashin karatun Baba daga kan tebur tana gwada wa 'yar tsanarta, sai kawai na ji ƙas! Hannun gilashin ya cire, ido ɗaya ya tsage.

Ba ta yi sa'a ba, daidai lokacin Gwaggo ta yi sallama.

"Yau kin gama yawo! Idon kakanki kika fasa? Bari in kira Mai Kare, yanzun nan ya zo ya sa karensa ya haɗiye ki da 'yar tsanar taki."

Tsigi ta kwashi 'yar tsana ta fita da gudu. Muka ce ai ta je ta laɓe bayan tankin ruwa ne kamar kullum, yunwa za ta fito da ita.

Yunwa ba ta fito da ita ba.

Da azahar ta yi Yaya ta zuba mata abinci ta fara kira. Shiru. Ta ƙara kira da faɗa, ta ƙara da lallashi. Muka duba bayan tanki, ƙarƙashin gadaje, cikin durowar kaya, banɗaki, bayan buhuna a sito. Aka leƙa gareji, aka duba ƙarƙashin mota da kujerun ciki. Muna cikin haka Gwaggo ta buɗe jakarta ta fito da takalmin Tsigi ƙafa ɗaya, ja, irin mai fitila a dunduniya.

"Au, na manta. Tun ɗazu aka tsince shi a bakin ƙofar gareji, ta wajen titi."

Ta wajen titi. Yaya ta karɓi takalmin ta dube shi, sai ta zauna daɓas a ƙasa.

Kafin ka ce kwabo layinmu ya cika. Mata suka cika falo, kowacce ta shigo sai ta karɓi takalmin ta juya shi, ta yi salati, ta miƙa wa ta gaba. Samari suka bazu suna kwaɗa sunanta lungu-lungu. Aka kai rahoto wurin 'yan sanda. Wani maƙwabcinmu direba ya aro lasifika ya ɗaura a kan motar Baba. Ni na riƙe wayarsa Yaya ta yi magana a ciki muna naɗar muryarta, sai da muka sake sau da yawa saboda kuka: "Tsigi, Mamanki ce. Ki fito, ba wanda zai dake ki. Jama'a, yarinya ce 'yar shekara huɗu, da riga ruwan ɗorawa..." Direba ya haɗa wayar da lasifika, ya toshe layinsa don kada kira ya riƙa katse sanarwar, ya ja mota ya shiga gari.

Na shiga banɗaki na rufe ƙofa, don nan ne kaɗai babu idon Gwaggo.

"Tsigi ta ɓata," na rubuta wa Mai Fanka.

Ko numfashi ban sauke ba amsa ta shigo. "Tun yaushe?"

"Tun hantsi."

"Kada a wanke komai nata. Kada kowa ya taɓa kayanta. Ki faɗa wa Baba ga mu nan. In bai yarda in shiga ba, daga waje ma zan yi aikina."

Na leƙa ta taga. Ga kayan Tsigi nan reras a kan igiya, riguna, safa, hula, har zanin gadonsu, iska tana kaɗa su, sai ƙamshin sabulu. Umma ba ta bar ko tsumma ba. Na rubuta masa. Ya daɗe yana rubutu yana gogewa.

"Me ya rage?"

"Takalmi ƙafa ɗaya. Amma kowa ya taɓa."

"Ki sa shi a leda sabuwa ki ɗaure. Duk wanda ya taɓa kada ya bar gidan."

Na sami Baba a ƙofar gida a kan kujerar roba, fasasshen gilashinsa a hannu yana juyawa. Na durƙusa na faɗa masa. Ya ci gaba da juya gilashin. Gwaggo ta fito tana tafa hannu.

"Ka ji ko? Ana ga wata ga wata! Yarinya ta ɓata, ita kuma ta sami ƙofar shigo da saurayinta."

Sai muka ji muryar Umma daga bayan labule. Ummata da tun da na yi wayo ban taɓa jin ta ɗora magana a kan ta Baba ba.

"A kira shi."

Sun iso bayan la'asar a wata tsohuwar farar bas, maza da mata da riguna ruwan lemo a kan kayansu. Shugabarsu wata dattijuwa ce, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, Sista suke kiranta, muryarta kamar ta mutum uku. Abin da ta fara yi shi ne tsawatar wa samarin layi.

"Ku daina kwaɗa sunan nan! Yaron da ya firgita, in ya ji ƙatti suna ihun sunansa ƙara lafewa yake. Mai son taimako ya zo a ba shi wuri."

Ta raba su biyu-biyu da mutanenta, wasu kwatoci, wasu kangaye, wasu bakin kasuwa, kowace ƙungiya da oba-oba ta magana da juna. Sannan Mai Fanka ya sauko da Duna. Mata suka ja baya suna tattare mayafi. Shi kuwa ko kallon inda nake bai yi ba. Ya je gaban Baba ya rusuna.

"Baba, takalmin nan hannu da yawa ya hau kansa. Duna ba zai san wanne ne warin yarinyar ba sai an nuna masa. Duk wanda ya taɓa zai tsaya a layi, ya shinshina hannunsa, ya cire shi daga lissafi. Warin da ya rage a takalmin, wanda mai shi ba ya cikin layi, shi zai bi. Shi ya sa in an manta da mutum ɗaya, aikin ya lalace."

Aka jeru a bakin titi. Umma, Yaya, ni, matan maƙwabta. Gwaggo ta zo ta tsaya da hannunta cikin baƙar leda ta ɗaure a wuyan hannu.

"Gwaggo, sai an cire."

"Ni ba gwaggonka ba ce."

"To Hajiya, ba lasa zai yi ba. Ko taɓa ki ba zai yi ba."

Ta cire tana karanto duk addu'ar da ta sani, fuskarta a juye kamar za a yi mata allura. Duna ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kaina na ji ɗumin numfashinsa a tafina, ya ɗago ya dube ni da wasu idanu masu tausayi, ya wuce.

Saura Baba. Shi ma ya riƙe takalmin, kowa ya gani. Ya tashi daga kujera a hankali, ya naɗe hannun rigarsa har gwiwar hannu, ya miƙa tafinsa. Yana kallon bango har kare ya gama. Sannan ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba:

"In ya same ta, yaya za mu sani?"

"Haushi zai yi, Baba."

"In kuma..." Bai ƙarasa ba.

Mai Fanka ya saci kallon Yaya, ya rage murya. Amma ina kusa, na ji, na kuma ga Yaya ta ji.

"In ya sami mai numfashi, haushi yake. In ba haka ba, kwanciya yake ya ɗora haɓarsa a ƙasa. Ba ya cewa komai."

Ya juyo ga jama'a. "Saura wa? Wa ya fara ɗaukar takalmin daga ƙasa?"

"Ni," in ji Gwaggo.

"Ba wanda ya riga ki?"

"Ni na tsinta, ni na shigo da shi. Ko rantsuwa kake so in yi wa kare?"

Ya buɗe leda ya kara wa Duna a hanci, ya ce masa wata kalma guda. Duna ya zagaya bakin gareji, ya ɗan tsaya kamar mai shawara, sannan ya ja igiya ya miƙi titi.

Sista ta ce kowa ya tsaya, iyali kaɗai. Wa ya ji? Rabin unguwa suka biyo mu. Na riƙe hannun Yaya, hijabinta a karkace, ƙafarta ɗaya silifas ɗinta ɗaya na Umma. Muka wuce shagon aski, muka wuce gidan burodi, muka tsallaka kwalbati. Duna bai ɗaga hanci daga ƙasa ba. Yaya tana ta cewa, "Duk nan ta biyo? Da takalmi ƙafa ɗaya? Auta, duk nan ta biyo?" Na ƙara riƙe hannunta. Sama kuwa sai ƙara duhu take, kuma na san abin da Mai Fanka ya taɓa faɗa mini: ruwa mai ƙarfi in ya sauka, wanke sawu yake.

A bakin babban titi Duna ya karya kwana ya shige wani kanti. Muna daga waje muka ji haushi. Haushi mai ƙarfi, ba ƙaƙƙautawa.

'Yan uwa, ban taɓa ganin mutum ya yi gudu irin na Yaya ba. Ta fizge hannunta tana dariya tana kuka, "Tana da rai! Tana da rai!" Na bi ta. Muka kutsa tsakanin buhunan siminti da gwangwanayen fenti.

Babu Tsigi. Manaja ne maƙale a jikin kanta da farar shaddarsa, idanu waje, Duna yana gabansa yana haushi.

Wani daga baya ya ce, "Kare ya nuna shi." Wani ya karɓa, "Ɓarawon yara!" Shi ke nan. Ba ku san yadda taro yake juyawa ba sai kun gani. Mutanen da suka san shi tun yana rarrafe, su ne suka cakumi wuyan rigarsa. Wani ya zaro rodi daga kayan kantin. Manaja yana cewa "Me na yi? Me na yi?" ba mai ji.

Mai Fanka ya miƙa wa Sista igiya ya shiga tsakani, ya rufe Manaja da jikinsa. Rodin da aka ɗaga wa wani, shi ya same shi a gira. Jini ya wanke masa rabin fuska. Bai matsa ba.

"Kare ba alƙali ba ne!" ya ce da ƙarfi. "Wari ya bi, ba laifi ba! Ku ba ni wuri in yi tambaya ɗaya." Ya juya. "Ɗan uwa, ka taɓa takalmin yarinyar yau?"

"Takalmi? Ja? Da safe ne. Na kawo wa Mama saƙo ƙofar gidan Kawu, ta fito karɓa, na gan shi a ƙasa na ɗauka na miƙa mata, na wuce aiki. Wallahi iyakar abin da na sani ke nan. Ni ban ma san ta ɓata ba sai ɗazu da motar sanarwa ta wuce."

Daidai nan Gwaggo ta iso tana haki, mayafi a hannu. Ta ga rigar ɗanta a yage, ta ga jini, ta ɗora hannu a ka.

Baba ya dubi Gwaggo ya ce, "Ai sai da aka tambaye ki."

"To yaro da fararen kaya yana wurin aikinsa, sai in ce a kira shi kare ya goga masa hanci a gaban mutane? Ni na san haka abin yake?"

Na zaci Yaya za ta yi ihu. Ba ta yi ba. Ta zauna a kan buhun siminti, ta dubi Gwaggo, ta ce a hankali, "Gwaggo, na ji haushin nan fa. Har na ji nauyinta a hannuna."

Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Sista ta naɗe wa Mai Fanka goshi muna tafe. Muka koma ƙofar gida da sauri, Manaja yana biye da yagaggiyar riga, shi da kansa ya miƙa wa Duna hannu biyu. Aka sake kara masa takalmi. Iska ta fara ɗauke ledoji tana wulwulawa, ɗigon farko ya sauka a kuncina.

Wannan karon Duna bai kalli titi ba. Ya juya ya nufi ƙofar gareji, ya ja igiya zai shiga. Mai Fanka ya riƙe shi a bakin dokin ƙofa, ya waiwayi Baba. Gareji cikin gida yake.

"Shiga," in ji Baba.

Wani daga cikin samari ya ce, "Ai an duba nan tun ɗazu. Karen nan ya ruɗe." Gareji kuwa wayam, sai shimfiɗun mota da Baba ya jingine a bango, da bokiti, da tabon baƙin mai a siminti. Duna ya bi gefen bango ya tafi can ƙurya, ya zagaya wuri ɗaya, ya sake zagayawa. Ya ɗaga hanci sama yana shaƙar iska, yana wani siririn kuka. Bai yi haushi ba, bai kwanta ba.

"Nan ƙafarta ta bar ƙasa," in ji Mai Fanka. "Ko an ɗauke ta, ko ta hau wani abu. Me yake daidai nan da safe?"

Kowa yana kallon tabon mai. Bayan mota ne yake tsayawa daidai ƙuryar nan.

Na ji wani sauti daga maƙogwaron Baba wanda ban taɓa ji ba.

"But ɗin motar a buɗe yake," ya ce. "Na fitar da shimfiɗa na bar shi ya sha iska. Na shiga ciki neman gilashina. Da na dawo..." Ya dubi hannunsa. "Ni na rufe. Ban duba ba. Ba na gani sosai in babu gilashi."

Tun rana motar nan take zaga gari tana kiran Tsigi ta fito.

Na danna lambar Direba. Ba ta shiga. Na sake, na sake. Ina sane da dalili, a gabana ya toshe layin, amma yatsana ya ƙi tsayawa. Sista ta fizgi oba-oba.

"Kowa ya bar abin da yake yi. Ku fito daga kwatoci, ku hau titi, ku kasa kunne. Duk wanda ya ji motar sanarwa ya tare ta, ko da jikinsa ne. Yarinyar tana cikin but."

Sannan ta ɗaga hannu, layinmu gaba ɗaya ya yi shiru. Mutum ɗari, ba mai tari. Muna tsaye cikin yayyafi muna sauraron gari. Can nesa, iska ta kawo mana gutsuren muryar Yaya, ta sake ɗaukewa. Wani ya nuna gabas, wani ya ce yamma ne.

Oba-oba ta yi ƙara. Muryar wata yarinya ce cikin 'yan sa-kai, tana haki. "Sista, mun gan shi! Wajen gada! Bai gane ba yana ta yi mana hon, mun kwantar da babura a gabansa!"

Ban san yadda muka shiga bas ɗin ba. Na dai tsinci kaina a baya, Yaya a jikina, Umma tana riƙe da kanta. Kujera ba ta isa ba, Baba ya zauna a ƙasa a can baya, inda Duna yake. Duk kwanar da aka sha sai jiƙaƙƙen karen ya faɗo a kan babbar rigarsa. Baba bai janye ba. Sista tana ta magana, ko don ta riƙe mu ne: "Yau babu rana, wannan rahama ce. Tsohuwar mota kuma ba ta rasa ɓula." Mai Fanka yana gaba, jini ya fara ɓullowa ta bandejin. Sau ɗaya ya waiwayo, idonmu ya haɗu. Bai yi mini alamar komai ba, don bai iya ƙarya ba ko da ido.

Ruwa ya tsuge kafin mu kai gada. Ga motar Baba a tsakiyar titi, babura a kwance a gabanta, 'yan riguna ruwan lemo sun kewaye bayanta. Wasu suna bubbuga but suna kara kunne, wani yana ƙoƙarin ɓanɓarewa da ƙarfen taya. Direba yana tsaye da mukulli a hannu. A ruɗe ba wanda ya tuna ya kashe lasifika, muryar Yaya tana ta fita a kan kawunanmu: "Tsigi, Mamanki ce. Ki fito, ba wanda zai dake ki."

"Ya ƙi buɗuwa!" in ji Direba. "Na murɗa, na murɗa!"

Makullin but ɗin nan ya daɗe da lalacewa. Sai an danna da gwiwa an ɗan ja mukulli baya kafin a murɗa, kuma Baba kaɗai ya san daidai inda ake tsayawa. Baba ya karɓi mukullin. Ruwa yana zuba a idonsa, babu gilashi. Ya kai mukulli ya kuskure ramin. Ya sake, ya kuskure.

"Kun ji motsi?" in ji Sista.

Wanda ya kara kunne ya girgiza kai. "Ruwan ya yi ƙara. Ba a jin komai."

Sai Mai Fanka ya kwance wa Duna igiya.

Kowa yana kallon but. Mu huɗu ne muke kallon kare: ni, da Yaya, da Baba, da Mai Fanka. Duna ya zo ya kafa hanci a tsagar murfin, ya bi ta daga wannan gefe zuwa wancan. Ya sauko ya shinshina ƙarƙashi, wajen da tsatsa ta ci. Ya tsaya cak. Bai yi haushi ba. Na ga ƙafafunsa na gaba sun fara lanƙwasa.

Farcen Yaya ya shige cikin damtsena.

Daidai lokacin mukulli ya shiga rami, amma Baba ya sake shi a jikin makulli. Ya durƙusa a cikin ruwan titi, gwiwa biyu, fuskarsa daf da fuskar kare. Ya sa hannu a ƙarƙashin haɓar Duna ya tallafe ta, kada ta kai ƙasa.

"Kada ka kwanta," ya ce. "Don Allah, bawan Allah, kada ka kwanta."

"Baba, ka sake shi," in ji Mai Fanka a hankali. "Ba ya ƙarya. Ka bar shi ya gama."

Baba ya janye hannunsa yatsa ɗaya bayan ɗaya. Duna ya ƙara duƙawa, ya cusa hanci cikin wata 'yar ɓula kusa da fitilar baya, ya ja iska mai tsawo har haƙarƙarinsa suka fito. Wani ya sami dabara ya zare wayar lasifika. Muryar Yaya ta yanke a tsakiyar "ki fito".

Cikin shirun nan Duna ya ja da baya, ya miƙe a kan ƙafafunsa huɗu, ya yi haushi.

Sau ɗaya tak ya yi, ba irin na kanti ba, ya dubi ubangidansa kamar shi ma bai gama tabbatarwa ba. Na kama mukullin, Baba ya ɗora hannunsa a kan nawa, ya danna murfin da gwiwa, muka murɗa tare. Murfin ya ɗaga, ga Tsigi a naɗe da 'yar tsanarta, ƙirjinta yana ɗagawa a hankali.